WAI MACE BA TA ƊAUKAR GYARA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita ko da wasu za su ji haushina. Maganar ita ce wadda maza ke yi a majalisa, wasu tsofaffin mata su kama masu, wai mace ba ta ɗaukar gyara. Wai da an ce mata gyara kayanki sai ta ji kamar an ce sauke mu raba, ta kumbura, ta shige ɗaki ta saki labule, in abin ya yi tsanani ta ɗauki mayafi sai gidansu. Ni dai na ce wannan zance ƙarya ne, kuma abin da ya ba shi gindin zama shi ne masu gyaran ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu a ina suka yi gyaran, a gaban wa, kuma mene ne matsayinsu a wurin wadda suke gyarawa ba.

Bari in fara da kaina don kada a ce ina tonon asirin wasu. Ƙauyen da aka kai ni ɗakin miji yana gefen hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi. Gidan gandu ne babba, maigida da 'ya'yansa maza huɗu da matansu, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Ni kuwa 'yar cikin gari ce, a gidanmu ban taɓa tuƙa tuwon da ya wuce na mutum bakwai ba. Ban cika wata biyu ba aka kira gayyar yankan dawa, girki kuma ya faɗo a kaina. Maza wajen ashirin ke gona. Tukunyar da aka ɗora mani, wallahi muciyarta ma da ƙyar nake juya ta da hannu biyu. Ga hayaƙi, ga sauri, ga kunya ta hana ni tambaya. Talge bai nuna ba na zuba gari, tuwo ya fito da gudaji kamar an watsa masa tsakuwa.

Uwar mijina ta ga tuwon nan tun ina kwashewa, ba ta ce uffan ba. Ta bari sai da aka dawo da kwanuka daga gona, facalolina uku suna tsakar gida suna shiƙa, ga maƙwabta biyu sun shigo taya aiki, sannan ta ɗaga malmala guda da aka rage ta ce, "Ke amarya, a gidanku haka uwarki ke tuƙa tuwo?" Aka yi tsit. Ɗaya daga cikin facalolina ta sa bakin zane ta rufe baki. Ni dai ban san lokacin da na kai ɗaki ba. Kwana biyu ban ci abin kirki ba, na ƙulle kayana a ɗankwali, da ina da kuɗin mota a ranar da sai Funtuwa. Da mijina ya ji labari, abin da ya ce shi ne, "To ai gaskiya Inna ta faɗa maki, ku mata ba ku son gyara."

A rana ta uku kakar mijina, tsohuwa tukuf da ke wani ɗan ɗaki a ƙurya, ta aiko yaro ya kira ni. Ina shiga ta kwashe da dariya ta ce, "Kishiyata, ashe da gudaji kika zo ki ƙwace mani miji? Tuwon nan naki ko kare aka jefa da shi sai ya kai ƙara wurin mai unguwa." Ku duba fa, wannan magana ta fi ta uwar mijina muni nesa ba kusa ba. Amma ni da na kwana biyu ina kuka sai ga ni ina dariya har da hawaye. Ta zaunar da ni ta ce babbar tukunya ba ta son gaggawa, a bar talge ya yi ta tafasa har ya yi kauri ya canza kama, a tankaɗe gari sau biyu, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, sannan a rage wuta a rufe ya sulala. Tun daga ranar har yau tuwona bai sake gudaji ba.

To, ina masu cewa mace ba ta ɗaukar gyara? Ai ni ɗin ce dai, tuwon ma shi ne, laifin ma shi ne. Inna ta faɗa na ɗaure kaya, Kaka ta faɗa na ɗauki darasi. Abin da ya bambanta su a fili yake. Inna tana da iko a kan zamana a gidan, kalma ɗaya daga bakinta tana iya kai ni gidanmu, saboda haka in ta yi magana kunnena ba tuwo yake ji ba, aurena yake ji yana rawa. Ta kuma yi maganar a gaban facaloli, waɗanda kullum ake auna mu da juna kamar hatsi a tiya. Sannan ta tsallake tuwo ta taɓa uwata. Kaka kuwa abokiyar wasa ce, al'ada ta ba ta bakin faɗa mani komai, ba ta neman komai a wurina, ba kowa a ɗakin daga ni sai ita, kuma da ta nuna ciwo sai ta miƙo magani.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka keɓe mutanen da za su faɗa maka gaskiya ba tare da an ɓata ba. Kaka da jika, taubasai, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Taubashinki zai ce maki kin yi ƙiba kamar buhun masara a gaban kowa ki bi shi da ludayi kuna dariya, amma bari kishiya ta ce maki "Yaya, kin ɗan ciko kwana biyu", ranar sai maigida ya raba faɗa.

Amma babbar hujjata ita ce Hajiya Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, 'yar ƙasar Funtuwa da ta rasu a shekarar 2013. Duk wadda ta taɓa zama a gidan biki ana kiɗan amada, an kifa ƙwarya a ruwa ana bugu, ta san abin da nake nufi. Babu irin wankin babban bargon da matar nan ba ta yi wa mata ba. Ta caccaki macen da ba ta da sana'a, mai zaman jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu. Ta caccaki raguwa, ta caccaki marar wayon zaman gida. Kalmomin da take amfani da su, in da wani namiji ya faɗa wa matarsa rabinsu, da sai an je gaban alƙali. Su kuma matan da ake caccaka me suke yi? Tashi suke su ɗaure gyale a ƙugu su shiga fili, su kwance bakin zane su yi mata liƙi da 'yan kuɗinsu. Mace ta biya kuɗi a faɗa mata laifinta! Na san mata a unguwarmu da suka fara ƙuli-ƙuli, wasu daddawa, wasu saƙar hula, ba don wa'azin kowa ba sai don kunyar kada a buga ƙwarya su ji kamar da su ake.

Me ya sa ta Barmani ke shiga? Mace ce kamarsu, ta yi zaman aure, ta haifa, ta san zafin murhu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Taron na mata ne zalla, an bar maza a waje. Ba ta kama sunan kowa, kowace mace sai ta tsinci nata ta sa a aljihu, ta koma gida mutuncinta bai zube ba. Wannan fa ita ce macen da ake cewa ba ta ɗaukar gyara.

Yanzu bari mu juya kan su mazan, tunda su ne gwanayen karɓar gyara. A shekarar 1975 aka buɗe babban shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, lokacin ma ba a yi Jihar Katsina ba, don sai a 1987 aka cire ta daga Kaduna. Malaman gona suka bazu ƙauyuka a kan babura suna gaya wa iyayenmu maza su daina cakuɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya, su shuka iri guda a layi, su kuma shuka auduga da wuri tun farkon damina maimakon su bari sai sun gama da hatsi. Iyayenmu suka ce "to Malam, mun ji, Allah ya saka", babur na juya baya suka ci gaba da abin da suka gada. Ashe namiji ma ya iya cewa to da baki, zuciya ta ce a'a. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. Yaro ɗan makaranta mai albashi, wanda ko damina ta yi kyau ko ta ɓaci ƙarshen wata zai karɓi kuɗinsa, ya tsaya a gaban 'ya'yan mutum da ƙannensa yana nuna masa bai iya noma ba. In audugar ta ci lokacin dawa rumbu ya tashi wayam, ba da malamin gona za a kwana da yunwa ba. Masu bincike na Samaru, irin su David Norman da ya yi aiki a ƙauyukan Zariya, sun nuna cewa cakuɗa shuka dabara ce ta mai hankali, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Amma masara fa? Da manomi ya leƙa gonar maƙwabcinsa ya ga yadda sabon iri da takin zamani suka cika masa amalanke, ba wanda ya roƙe shi, da kansa ya bi layin taki. Yau ƙasar Funtuwa, Dandume, Bakori da Ƙafur ta yi suna da masara. Gyaran da ya zo daga sama an yi masa kunnen uwar shegu, wanda ya zo ta kan iyakar gona an karɓe shi hannu biyu. Ban taɓa jin an ce manomi ba ya ɗaukar gyara ba, sai dai a ce yana da dalilinsa. To mu ma muna da namu.

Har masu ilmin boko abin bai bar su ba, kuma wannan ɗan littafi da ke hannunki shaida ne. A farkon shekarun 1990 littattafan soyayya sun cika kasuwa, muna karɓar haya muna karantawa a ɓoye a ƙarƙashin filo. Ɗaya daga cikin waɗanda muka fi so ma tamu ce, Hajiya Bilkisu Ahmad Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa na 1994, wadda ta sa 'yan mata da yawa suka ji sha'awar zurfafa karatu. Babban mai sukar wannan rubutu shi ma namu ne, Malam Ibrahim Malumfashi, malamin jami'a. Tun 1991 ya fara rubutu a jaridar Nasiha yana cewa akalar rubutun Hausa ta karkace, a 1994 kuma ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da 'yan littattafan kasuwar Anaca. Ku ji fa, sunan jaridar ma Nasiha, amma marubuta ba su ji nasiha ba. Suka yi caa, aka yi shekaru ana musayar raddi a jaridu, har a 1999 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shigo yana kare marubutan.

Tsakani da Allah, mu da muka karanta littattafan mun san akwai gaskiya a wasu abubuwan da malamin ya faɗa. Akwai kurakuran rubutu, akwai labaran da da ka karanta ka san fim ɗin Indiya aka juye, akwai waɗanda daga farko har ƙarshe ba komai sai kallon ido da wasiƙa. Ban kuma ce ya yi da mugun nufi ba, aikinsa ke nan. Sai dai ku duba inda maganar ta faɗo. Daga jami'a ta sauko kan matasa da matan aure da suka tara kuɗin adashi suka buga littafi da kansu, a lokacin da babu kamfanin da zai kalle su. A jarida aka yi ta, gaban duniya. Sannan aka haɗa da suna, kalmar kasuwa kuwa a kunnen marubuci kamar a ce masa kayansa tumatur ne, na yau ne kawai. Wato dai irin ta Inna ce, an tsallake tuwo an taɓa uwa. Alhali waɗannan marubutan su ne ke sa adireshinsu a littafi suna roƙon mai karatu in ya ga kuskure ya rubuto. Mai roƙon gyara da bakinsa, a ce ba ya son gyara? Daga baya ma abin ya wuce baki, a 2007 gwamnatin Kano ta lokacin, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta cinna wa tarin littattafan da aka karɓe daga 'yan mata 'yan makaranta wuta. Wutar nan ba ta gyara ko harafi ɗaya ba. Rubutun ya bar takarda ya koma cikin waya, inda babu mai dubawa balle mai gyarawa.

Tunda na ambaci waya, bari in ɗan yi tsokaci. A da tsakar gida ita ce iyakar tonon silili, mutum biyar ko shida. Yanzu an buɗe wa dangi zaure a WhatsApp, ƙanwar miji tana Kaduna za ta rubuta cewa ta zo ta tarar da ɗakin matar yayanta kaca-kaca, mutum arba'in su karanta kafin matar ta gama wanke-wanke. In ta mayar da martani a ce ba ta da kunya, in ta yi shiru ta fita daga zauren a ce ga shi nan, ba ta son gaskiya. Haba jama'a! Wadda ke da lambar wayarki, ta iya kiranki ku biyu, amma ta zaɓi ta rubuta a gaban dangi, wannan ba ɗakinki take so ya gyaru ba, so take a san ita ce mai tsabta.

Nan ne ma nake da faɗa da mu kanmu mata, don laifi tudu ne. Rabin abin da muke kira gyara habaici ne aka ɗaura masa ɗankwali. Mace za ta dubi kaza ta ce "kai wannan kaza da ƙazanta take, ko sharar ƙofarta ba ta iya yi", alhali kowa ya san kazar ba ta da tsintsiya. Uwargida za ta jira sai ranar girkin amarya, maigida ya zauna ya wanke hannu, sannan ta ce, "Ayya, gishirin ya ɗan yi yawa ko? Ba komai, yarinya ce, za ta koya." Da gyara take nufi, ai tun miya na kan wuta ta ɗanɗana. Ta bari sai a gaban mai raba kwana, don ta san a nan maganar za ta yi mata riba. Ita kuma amarya ba sakarya ba ce, ta san abin da aka yi mata, sai ta ƙi rage gishirin gobe don kada a ce uwargida ta yi nasara. Maigida ya yi ta shan gishiri yana cewa mata ba su ɗaukar gyara, bai san yaƙi ake yi a cikin kwanonsa ba.

Ke kuma ƙanwata da ke karanta wannan kina murmushi, kada ki ɗauka na ba ki lasisin toshe kunne. Na san wasunku, ko a cikin ɗaki aka ja ku, aka rufe ƙofa, aka yi magana da taushin murya, sai kun ce an tsane ku. Wata ko uwar da ta haife ta ce ta ce mata rage yawon biki, sai ta ce ai hassada ake mata. Wannan kam ba wurin ne ya ɓata maganar ba, girman kai ne. Kuma ko a tsakar kasuwar Funtuwa aka faɗa maki, ko maƙiyiyarki ce ta faɗa, in kin huce ki koma ki duba tukunyar. Inna ta ci mutuncina, har gobe ina cewa ba ta kyauta ba, amma gudajin nan fa yana cikin tuwon, ba ita ta zuba shi ba.

Ga kuma maigida, in littafin nan ya faɗa hannunka. Kai ne ka fi kowa iko a kan zaman matarka, saboda haka maganarka ta fi ta kowa nauyi, ko da wasa ka yi ta. Abin da za ka faɗa mata a gaban ƙannenka, ko gaban 'ya'yanta, ko gaban abokiyar zamanta, ka riƙe shi zuwa dare. Kai da ko a majalisa aka ce huɗarka ta karkace sai ka yi sati ba ka zauna a wurin ba.

Bara da kaka, bayan an kai masara gida, ɗana na fari ya yi aure aka kawo mani yarinya 'yar Malumfashi, mai ladabi, ba ta kai shekara ashirin ba. Ranar sunan jikar maƙwabciyata aka ce kowane gida ya kai tuwo, na bar mata tukunya na tafi kitso. Na dawo na tarar tana kwashewa, 'ya'yana mata biyu da wata ƙawata suna zaune a tabarma. Ina duba mara na ga gudaji. Wallahi 'yan'uwa, ni da na rubuta duk abin da kuka karanta a sama, ban san lokacin da bakina ya ce, "Ke, haka ake..." ba. Sai na ga yarinyar nan ta sunkuyar da kai, hannunta na rawa a kan marar, ƙawata kuma ta kai bakin gyale ta rufe baki. Na haɗiye sauran maganar da ƙyar, na ce, "Haka ake barin baƙuwa da aiki ita kaɗai? Ku tashi ku kama mata." Muka kai tuwon a haka, wanda zai yi magana ya yi.

Da dare bayan an yi sallar isha'i na ɗebi gari a ƙwarya, na ɗauki rariya da muciya, na je na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ta fito idanunta sun yi ja. Na ce, "Ɗiyata, zo ki hura mani wuta, in ba ki labarin wani tuwo da na taɓa yi wa 'yan gayya."